Dalar Inna da Harshen da Ya Tsufa

Bayan kakar 2024, lokacin da aka gama shigar da damman gero cikin rumbuna, aka yi mini waya daga gida cewa kwamfutar asusu ta kwanta rashin lafiya. Ƙanwar mahaifiyata ce ta kira, wadda muke ce wa Inna. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, ba ta kuma taɓa ɗora yatsa bisa kwamfuta ba, amma ta san ajiyarta tana da alaƙa da wannan akwati, ta kuma san ɗan yayarta yana Yamai yana cin abinci da irin waɗannan akwatuna. Ta ce, “Ɗana, an ce ƙarfen nan ba ya tashi sai an yi ta lallashi. In ya mutu da kuɗinmu a ciki, wa za mu kama?” Na yi dariya, na ce mata ai kuɗi ba cikin ƙarfe suke ba. Ta ce, “To, lissafinsu fa?” Ban sami abin faɗi ba. Ranar Asabar na shiga mota, na kama hanyar Doso.

Asusun da nake magana a kansa ƙarami ne, a wani gari na ƙasar Arewa tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri. Irinsa suna da yawa a Nijar: ƙungiya ce ta ajiya da ba da rance, mallakar waɗanda suka zuba kuɗi a cikinta. Yawancin masu ajiya mata ne, masu tuyar ƙuli-ƙuli da dama fura da kiwon tumaki, sai manoman gero da wake na cikin Dallol Mauri, masu cin bashi da bazara su biya da kaka. Adashi tsohon abu ne a wurinmu, kuma tun da aka soma tsarin Mata Masu Dubara a Maradi cikin 1991, mata suka ƙara sabawa da ajiyar da ake ƙidaya ta bisa ƙa'ida. Asusun garinmu ya ɗora a kan wannan sabo. Yana da ɗaki biyu, da akwatin ƙarfe na kuɗi, da mai gadi, da samari uku masu zagaya unguwanni da ƙauyuka bisa babur suna karɓar zubi.

Kwamfutar na kan tebur a lulluɓe da zane saboda ƙura. Da ta yarda ta tashi, sai ga shuɗin allo da fararen haruffa, babu hoto, babu ado. Na gane abin nan take, kamar yadda mutum kan gane muryar wani dattijo da ya sani yana yaro. An rubuta manhajar da harshen Clipper, wanda wani kamfanin Amurka mai suna Nantucket ya fitar cikin 1985 domin sarrafa kundayen dBase. A shekarun 1990 da shi aka rubuta lissafin kantuna da ɗakunan magani da ofisoshi masu yawa a ƙasashenmu masu aiki da Faransanci. Lokacin da na yi nawa karatun, malamanmu sun riga sun daina koyar da shi. Shugabannin asusun sun sayo sabuwar kwamfuta, amma ta ƙi karɓar tsohuwar manhajar, domin Windows na yanzu ba ya tayar da abin da aka gina wa tsarin DOS. Ita kuwa tsohuwar tana tafiya ne da Windows XP, wanda Microsoft ya daina yi wa gyara tun watan Afrilun 2014.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wani koma-baya ne da ya keɓanta da mu. Manyan bankunan duniya har yau suna dogara da COBOL, harshen da aka ƙirƙira cikin 1959. A watan Afrilun 2020, da annoba ta sa mutane suka yi wa ofishin tallafin marasa aiki tururuwa, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito bainar jama'a yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL. Cikin 2023 kamfanin IBM ya fitar da wata ƙirƙirarriyar basira da za ta taimaka wajen juya COBOL zuwa harshen Java, cikin 2024 kuma hukumar binciken sojan Amurka, DARPA, ta buɗe shirin juya tsohon rubutun harshen C zuwa Rust. Ko'ina matsalar ɗaya ce: waɗanda suka yi rubutun sun tsufa ko sun rasu, rubutun kuwa yana nan yana riƙe da dukiyar mutane.

Wanda ya rubuta tamu manhajar yana da rai. Tsohon malamin lissafi ne, duk garin Mushe ake kiransa, ko da yake ya bar alli tun da daɗewa. Ya koyi Clipper daga littafi ɗaya da kwamfutar aro, ya yi rubutun cikin 1997, ya yi ta gyara shi har idonsa ya soma gazawa. An ce mini in je in gaishe shi. Na ce zan je in na gama. Gaskiyar magana, ban ga abin da zan tambaye shi ba. Ya bar asalin rubutun a cikin kwamfutar, ni kuma ina da abokin aiki a aljihuna wanda ba ya gajiya, ba ya neman goro.

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, masu sana'armu suka sami sabon hannu. Kana ba ƙirƙirarriyar basira rubutun da ba ka fahimta, ta warware maka shi layi-layi, ka ce ta juya shi zuwa harshen zamani, ta juya kafin shayi ya nuna. Haka na yi dare uku a ɗakin baƙi na gidanmu. Ina ɗaukar kundi, in liƙa mata, ta mayar mini da shi cikin sabon harshe, a tsare, da bayani da Faransanci mai kyau a gefe. Aikin da na ƙiyasta zai ci wata biyu ya ƙare kafin Laraba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, har na soma tunanin abin da zan faɗa wa abokaina a Yamai.

Ranar Alhamis na kwashe bayanan cikin sabuwar kwamfuta, komai ya tashi lafiya. Inna ta biyo ta ofishin daga kasuwa, na kira ta domin in yi mata gwaninta. Na buga lambarta, na karanta abin da allo ya nuna, 5,200, na juya mata shi zuwa lissafinmu. Na ce, “Inna, zubinki na bana jikka biyar ne da dala arba'in.” Ta ajiye ƙwaryarta ƙasa. Ta ce, “Sake dubawa, ɗana.” Na sake, na faɗa mata haka nan. Ta ce, “Kowane mako ɗari nake bai wa yaron nan mai babur, ban taɓa tsallakewa ba, ko makon da aka yi rasuwa gidanmu. Shekara guda cif. Jikka ashirin da shida ne.” Ta kwance bakin zanenta, ta fito da ɗan littafin ajiyarta, wanda ba ta iya karantawa. A shafin ƙarshe an buga 26,000.

Ga wanda bai saba da kuɗinmu ba, sai in ɗan yi bayani. Bahaushen Nijar ba ya ƙidayar sefa da tamma, da dala yake ƙidaya, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Abin da takarda ta kira 100, kasuwa na kiransa dala ashirin. In mace ta ce ɗari, 500 take nufi. Dubu kuwa jikka ce. Kowa a ƙasar nan yana wannan juyi a ransa ba tare da ya lura ba, kamar yadda ba a lura da numfashi. Ɗari sau 52 ya ba da 5,200, amma dala ce, wato tamma 26,000. Sabuwar manhajata ta ɗauki dala ta kira ta tamma, ta cinye wa kowace mace mai zubin zagaye kashi huɗu cikin biyar na guminta, ba tare da ta nuna alamar kuskure ko ɗaya ba.

Da la'asar na je gaida Mushe. Na tarar da shi bisa tabarma a ƙofar gida, jikansa na karanta masa wata takarda. Bayan gaisuwa mai tsawo, da tambayar mutanen Yamai, na sunkuyar da kai na ce, “Baba, na zo ne da laifi.” Na kwashe labari na faɗa masa. Bai yi dariya ba, abin da ya ƙara mini kunya. Ya ce, “Ka bar ɗan kundin nan na bugawa, ko?” Na ce lalle na bar shi, domin sunansa ya nuna mini na na'urar buga takarda ne kawai. Ya ce, “A nan sau biyar ɗin yake. Yaran da ke zagaye a lokacin ba su yi nisa a karatu ba. Mace ta ce ɗari, in na ce su rubuta 500, rabi su rubuta, rabi su manta. Sai na ce kowa ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ƙarfe ya yi juyin.” Na ce, “Baba, me ya hana ka rubuta haka a gefe?” Ya ce, “Wa zan rubuta wa, yaro? Ni kaɗai ne. Kuma wa ya taɓa rubuta cewa dala tamma biyar ce?”

Na daɗe ina juya wannan tambaya. Ƙirƙirarriyar basira ba ta yi ƙarya ba. Abin da na ba ta, ta juya shi daidai. Gurbin kuɗi a kundin masu zuwa ofis da gurbin kuɗi a kundin masu zagaye suna ɗaya suke ɗauke da shi, harafi biyu tak, domin dBase ba ya yarda sunan gurbi ya wuce harafi goma, mutanen wancan zamani kuma sun saba da tsuke suna. Babu abin da zai nuna mata cewa ɗaya tamma ne, ɗaya dala. Wannan sani yana cikin kan Mushe, da bakin Inna, da nawa kan ma, ni da aka haifa cikin wannan ƙidaya amma na ajiye ta a bakin ƙofa da na zauna gaban allo. Na tuna cewa a watan Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare na manhajar ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗaya ɓangaren kuma ya karɓa a matsayin ma'aunin mita. Wannan bai rage mini kunya ba, amma ya nuna mini cewa ramin da na faɗa tsoho ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda zai ɗauki laifin. Da Inna ba ta biyo ba, da matan sun zo karɓar kuɗin sallah an faɗa musu abin da allo ya nuna, babu wanda zai zargi akwati. Samarin nan uku masu babur za a kama. A gari irin namu, wanda aka kira ɓarawo sau ɗaya ya gama aure, ya gama sana'a. An yi haka a Ingila: tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata da maguɗin lissafi, alhali manhajar Horizon ce take nuna giɓin da babu shi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun mutu kafin a wanke su. In ƙasar da ke da lauyoyi da jaridu ta ɗauki shekaru ashirin kafin ta yarda cewa na'ura na iya kuskure, ina ga yaron da babu mai tsaya masa sai uwarsa?

Kwana biyar na yi ina zuwa wurin Mushe da kwamfuta a cinya, ina karanta masa rubutunsa yana ba ni tarihinsa. Ashe rubutun kamar bangon tsohon gida ne, kowace damina da yaɓenta. Ga layin da ya ƙara a ƙarshen 1999, domin kada shekarar 2000 ta koma 1900. Ga wani sharaɗi na 2005, shekarar yunwa, da ya ɗage wa manoma biyan bashi har wata kaka ba tare da tara ba, wanda ni na ɗauka kuskure ne har na so in share. Ga lambar da ya ƙara cikin 2011 lokacin da aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai zaman kanta. Ga gurbin ranar haihuwa da ya bari ya karɓi shekara kawai, domin yawancin iyayenmu takardunsu cewa suke an haife su wajen shekara kaza. Sabuwar manhajata ta ƙi irin waɗannan, ta ware su gefe a matsayin bayanai marasa inganci, har da na Inna da sai da na cika mata ranar ƙarya kafin ta shiga.

Sai dai kada in mayar da tsohon abu waliyyi. A cikin karatun ne muka iso wani layi da Mushe ya yi shiru a kansa. Kalmar sirri ce, a rubuce ƙuru-ƙuru cikin manhajar, wadda ke buɗe kowace ƙofa. Ya ce ya saka ta ne domin ranar da manaja zai manta tasa. Na tambaye shi mutum nawa suka san ta. Ya ƙidaya da yatsu, ya kai bakwai, ya daina. Ban da wannan, kundayen dBase ba su da kulle: duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai iya buɗe su da wata manhajar lissafi, ya canza lamba, ya rufe, babu sawu. Shekara ashirin da bakwai abin da ya tsare kuɗin matan nan shi ne kwaɗo a ƙofa, da mai gadi, da kunyar ma'aikata, da kuma cewa kwamfutar ba ta taɓa haɗuwa da intanet ba.

Wannan kariyar ta ƙarshe kuwa tana gab da faɗuwa, domin shugabannin asusun na son a haɗa shi da tura kuɗi ta wayar salula, kuma suna da gaskiya: ɗan da ke ci-rani a Lagos ko Abijan yana son ya zuba wa uwarsa kai tsaye. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Nuwamban 2022 kamfanin Group-IB tare da masu tsaron Orange suka bayyana wani gungun masu kutse da ke aiki da Faransanci, wanda suka laƙaba wa OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022 sun kai hari sama da 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa, akasari a Afirka, har da Nijar, suka kwashe aƙalla dalar Amurka miliyan 11. Ba da wani makami na musamman suka shiga ba. Wasiƙar yaudara suke aika wa ma'aikaci, in ya buɗe su shige, su yi watanni suna kallon yadda ake aiki, sa'an nan su kwashe kuɗi ranar hutu. Cikin 2023 aka kama wanda ake zargin jigo ne a cikinsu a Kodebuwa.

Da wannan a raina na koma na duba abin da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta mini, wannan karon da idon mai neman aibi. A ƙofar shiga na ga ta ɗauki abin da mutum ya buga a gurbin suna, ta manna shi kai tsaye cikin umarnin da ake aika wa rumbun bayanai. Ma'anarsa, mai wayo zai iya buga umarni a maimakon suna, rumbun ya yi masa biyayya. An san wannan ɓaraka tun 1998, ana kuma koyar da ita a shekarar farko. Ta rubuta ta ne domin daga rubutun mutane ta koya, mutane kuwa sun rubuta ta sau dubbai. Cikin 2021 masu bincike a Jami'ar New York suka gwada GitHub Copilot, suka sami rauni na tsaro a kusan kashi 40 cikin 100 na manhajojin da ya rubuta musu. Cikin 2022 wasu a Jami'ar Stanford suka gano abin da ya fi wannan kama ni: waɗanda suka yi aiki da irin wannan mataimaki sun fi barin ɓaraka, kuma sun fi sakankancewa cewa aikinsu ba shi da ita. Kayan sun inganta tun daga lokacin, kuma adalci ne in faɗa cewa da na tambaye ta ta binciki rubutun nata, ta gano ɓarakar, ta gyara, har ta nuna mini kalmar sirrin Mushe. Amma sai da na tambaya. Wanda bai san akwai rami ba, ba zai ce a haska masa ba.

Akwai laifi na uku, kuma nawa ne ni kaɗai. A daren farko, domin ta fahimci tsarin kundin, na liƙa mata layi ashirin na bayanan gaskiya: sunaye, unguwanni, da abin da kowace ke da shi, da bashin da ke kanta. Cikinsu akwai matar da mijinta bai san tana ajiya ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, na kuma san da ita. Na aika sirrin maƙwabtanmu zuwa wata na'ura a wata ƙasa domin in rage wa kaina aikin minti goma na ƙirƙiro sunayen bogi. Na faɗa wa shugabannin asusun da bakina. Sun yi mini uzuri fiye da yadda na cancanta, wataƙila domin ba su ga girman abin ba. Ni na gani.

A ƙarshe ba mu jefar da rubutun Mushe ba. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Harbour, da masu sa kai suka soma ginawa cikin 1999, wadda ke karɓar harshen Clipper ta tayar da shi a kwamfutar zamani. Da ita muka sake gina tsohon, muka toshe ƙofar sirri, muka ba kowane ma'aikaci tasa kalmar, muka sa duk canji ya bar sawu da suna da lokaci. Sabuwar manhajar tana nan, ana gina ta sannu, kuma ba za ta karɓi aiki ba sai ta yi wata shida tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar, lissafinsu na fitowa ɗaya. Na ari littattafan ajiya arba'in da izinin masu su, na mayar da su ma'aunin gwaji. Har yanzu ina aiki da ƙirƙirarriyar basira kowace rana, tana rage mini wahala ƙwarai. Na ɗauke ta kamar almajiri mai kaifin hadda wanda bai taɓa kwana a garinmu ba: a ba shi alƙalami, amma a karanta abin da ya rubuta kafin a sa hannu.

Bayanin Mushe kuwa na rubuta shi a gefen kowane layi, da Faransanci da Hausa, domin wanda zai zo bayana. Na farko a ciki gajere ne: wannan gurbi dala ne, dala ɗaya tamma biyar. Da na karanta masa, ya ce in ƙara da cewa in an yi shakka a tambayi mai kuɗin.

Ranar da zan koma Yamai, Inna ta rako ni tasha da ƙullin ƙuli-ƙuli. Ta tambaye ni ko ƙarfen ya warke. Na ce ya warke, kuma yanzu ya san jikka ashirin da shida ne. Ta ce, “Da bakwai. Na zuba sau biyu tun zuwanka.”